Sanƙarau Da Korona: Me Ƙananan Hukumominmu Suka Yi?

Yau tarihin na kusa ne, da yawanmu da idonmu muka gani.

A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓulla a Zurmi, amma sai a watan Fabrairun 2017 labarin ya isa Abuja yadda ya kamata. Kafin nan cutar ta bazu a Zamfara da maƙwabta. Nau'in C ne, alhali rigakafin da aka yi wa mutane a shekarun baya na nau'in A ne. Zuwa watan Yuni da aka ce annobar ta wuce, mutum sama da 1,100 sun rasu a faɗin Najeriya, kuma Zamfara ce ta fi jin jiki.

To ina aikin ƙaramar hukuma a nan? Asibitin matakin farko nata ne. Kowace tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda zai tattara rahoto daga ƙananan asibitoci ya tura Gusau. In babu mai a babur ɗinsa, rahoto ya kwanta, cuta kuwa ba ta jira.

Da alluran rigakafi 500,000 suka iso a watan Afrilu, ina Gusau a lokacin. Na bi layi da ƙannena cikin zafin bazara. Abin da ba na mantawa: ba sanarwar rediyo ce ta fito da mutanen unguwarmu ba, mai unguwa ne da liman.

Sai korona a 2020, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ku duba taswira: Tsafe ce ƙofar shigowa daga Funtuwa, Bungudu na kan hanyar Sakkwato, Gusau na tsakiya. Doka daga Abuja take fitowa, amma a tasha da kasuwa da masallaci ake aiwatar da ita. Ya za ka ce wa mai neman na yau ya zauna gida, babu hatsi a rumbu?

A ganina matsalar kuɗi ce. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kai tsaye.

Saboda haka tambayar yanzu ta ciyaman ce da kansila: asibitin mazaɓarku akwai ma'aikaci? Firjin ajiye allura yana aiki? Ku je ku duba tun bazara ba ta shigo ba, ku faɗa mana abin da kuka tarar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.