Ƙungiyar Ƙwallo: Ta Gari ce ko ta Mai Kuɗi?

Bayan kakar wasa ta 1957, ƙungiyar Dodgers ta wasan baseball ta tattara komatsanta daga Brooklyn ta koma Los Angeles, ta bar magoya bayanta da cizon yatsa. Har yau Amurkawa ba su gama wannan muhawara ba. Athletics ta bar Oakland a 2024 da niyyar zama a Las Vegas, birane kamar Nashville kuma suna zawarcin gurbi idan aka ƙara a kan ƙungiyoyi 30 na gasar. A can ƙungiya dukiyar attajiri ce, inda riba take nan take nufa.

A Kano tarihin ya sha bamban. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, mallakar gwamnatin jiha ce, don haka mai goyon bayanta a Karaye ko Rogo yana da haƙƙi a kanta daidai da mutumin Fagge. Ba a taɓa sayar da ita ga wani gari ba, amma ta ɗanɗana ƙaura. Da aka mayar da filin wasa na Sani Abacha wurin killace masu korona a 2020, sai ta koma karɓar baƙi a Kaduna. A 2022, bayan tarzoma a wasanta da Katsina United, aka kora ta Abuja, kuma a wannan kaka ta faɗa rukuni na biyu.

A 2025 Barau FC, ta Sanata Barau Jibrin, ta hau babbar gasa. Jihar ta sami ƙungiya ta biyu, wadda makomarta ke hannun mutum ɗaya. Tambayar mutanen Brooklyn ta iso Kano ke nan.