Titin Ƙofar Gida, Nauyin Wa Ne?

Yau hirar tamu za ta kai mu ƙasar Ingila, a kan titin ƙofar gida. Ko ba kya fita kin san halinsa, don in ya lalace ke ce mai wankin kayan yaran da suka dawo da taɓo.

A shekarar 1555 aka yi doka a Ingila cewa mutanen kowace gunduma su fito kwana 4 a shekara su gyara hanyoyinsu, kamar aikin gayya, sai dai wannan tilas ne. A zamanin nan, in mutum ya buɗe hanya a filinsa ya bar wa jama'a, suka riƙa bi, to gyaranta ya hau wuyan gunduma, ko tana so ko ba ta so.

Dokar 1835 ce ta soke aikin tilas ɗin, ta kuma ce sabon titi ba zai zama nauyin gunduma ba sai an gina shi da kyau, an karɓe shi bisa ƙa'ida. To daga nan fa aka fara samun titunan da kowa ke bi amma ba mai gyarawa. Ni dai marayu nake ce musu. Garuruwa na ta cika, unguwanni na ta caɓewa. Sai dokar 1892 ta ba ƙaramar hukuma ikon ta gyara irin wannan titi, ta raba wa masu gidaje kuɗin aikin gwargwadon faɗin gaban gidan kowa, sannan ta karɓe shi. Kin ga mai faffaɗar ƙofar gida ya fi biya ke nan, ko da ba shi ya fi kuɗi ba.

A ƙarƙashin dokar 1980, mai gina sabuwar unguwa yakan ƙulla yarjejeniya da hukuma, ya yi titi yadda ta gindaya, kafin ta ɗauki nauyinsa.

Rufe hanyar jama'a kuwa ya fi wuya. A shari'arsu, hanya ba ta tashi daga ta jama'a don an daina bin ta, ko ciyawa ta rufe ta. Hukuma kan je kotun majistare ta nuna ba a buƙatar hanyar, bayan ta buga sanarwa a jarida, ta kuma liƙa a bakin hanyar ta kowane ɓangare, aƙalla kwana 28 kafin zaman. Duk mai bin hanyar, ko tsohuwa ce mai zuwa kasuwa, tana da damar tsayawa gaban alƙali ta ce ba ta yarda ba.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.