Amsoshin Takardunku: Wane ne Chen Po-liang na Taiwan?

Wani mai sauraronmu ya rubuto yana cewa ya ji sunan Chen Po-liang a labarin wasanni, yana son tarihinsa, kuma wai shin mutanen Taiwan ma suna buga ƙwallon ƙafa kuwa?

To Malam, suna bugawa ƙwarai, har ma sun taɓa zama gagarau. Ƙungiyarsu ce ta ci zinare a wasannin Asiya na 1954 a Manila da na 1958 a Tokyo, sai dai galibin 'yan wasan mutanen Hong Kong ne. Da aka daina ɗauko su, ga kuma rikicin siyasa da ƙasar Sin wanda ya sa suka bar rukunin Asiya suka koma na Oshiyaniya har zuwa 1989, sai ƙwallo ta yi sanyi. Wasan besbol shi ne sarki a tsibirin. A 2004 birnin Taipei ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta futsal, wato ƙwallon cikin ɗaki ta mutum biyar-biyar. Sifen ce ta ɗauki kofin, masu masauki kuwa aka cinye su a duk wasanninsu uku.

A cikin wannan hali Chen ya taso. An haife shi ran 11 ga Agusta 1988 a Kaohsiung, birnin gaɓar teku a kudancin ƙasar. Ɗan wasan tsakiya ne mai kai hari. Ya buga wa Taipower, ƙungiyar kamfanin lantarki, kuma yana cikinta a 2011 sa'ad da ta doke Phnom Penh Crown ta Kambodiya da ci 3-2 ta ɗauki Kofin Shugaban hukumar ƙwallon Asiya. A shekarar ce kuma ya ɗan taɓa wasa a Pegasus ta Hong Kong.

Amma a wancan lokaci ƙwallo ba sana'ar da za ta riƙe mutum ba ce a gida, dole mai hazaƙa ya fita. A 2012 ya ƙetara zuwa ƙasar Sin, ya shiga Shenzhen Ruby. Mai horad da ita shi ne Philippe Troussier, Bafaranshen nan da ya riƙe Super Eagles a 1997. Daga nan ya buga wa Shanghai Shenhua, sannan Hangzhou Greentown inda ya fi daɗewa, sai Changchun Yatai wadda ta ci gasar rukuni na biyu a 2020.

Duk da haka bai juya wa gida baya ba. Ya yi shekaru yana kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasarsu, wadda ake kira Chinese Taipei a wasannin duniya, ya ci mata ƙwallaye sama da 20. Bayan fitarsa ne wasu 'yan'uwansa suka samu ƙofar bin sawunsa zuwa ƙungiyoyin Sin.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A ci gaba da aiko mana da takardu.