Uwa Baƙuwa a Gidan Ɗanta: Kunya, Biza da Ziyarar Iyaye a Ƙasar Waje

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma kowa ya san ƙafar wa ake nufi. Ƙarami ne ke tashi ya je gaida babba. Ɗa ko ya yi furfura shi ke zuwa ya durƙusa a ɗakin tsohuwarsa da safiyar Sallah, 'yar da aka aurar kuma ita ke komawa gida goyon ciki da wankan jego a haihuwar fari. Ƙaurar likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a zuwa Ingila da Amurka da Kanada ta juya akalar wannan tafiya. Yanzu tsohuwa ce ke neman biza, ta hau jirgi, ta sauka a gidan ɗanta. Sau da yawa ta dawo tana cewa, "Yaran nan ba su da lokacin kowa." A ganina, abin da ke ɓata irin wannan ziyara ba taɓarɓarewar tarbiyya ba ce. Ladabin Bahaushe ya jingina ne da tsarin gida da tsarin lokaci, su biyun kuwa ba a saka su a akwati.

Mu fara da kunya. A laccarsa Mutumin Kirkii, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa kunya cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Kafin shi, a littafin Baba of Karo na 1954, Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, inda ake ganin yadda uwa ke kauce wa ɗan fari da yadda surukai ke kauce wa juna. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, gini ne ke ɗauke da rabin nauyin wannan kunya. Zaure yana tsayar da baƙo, tsakar gida na mata ne, kowace mace da ɗakinta, maigida da turakarsa. Suruki yakan zo ya gaisa daga bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya juya. Ba ya ganin surukarsa tana cin abinci, ita ma ba ta ganinsa da gajeren wando.

To a ɗauki wannan tsari a zuba shi a gidan haya mai ɗaki biyu a hawa na uku a Mancesta. Banɗaki ɗaya ne, falo ɗaya, teburin cin abinci kuma a kicin yake. Hajiya ta fito alwalar asuba, ta yi kiciɓis da mijin 'yarta ya dawo daga aikin dare. Da yamma ta tarar da shi yana wanke kwanoni, 'yarta na zaune da kwamfuta a cinya, sai ranta ya sosu, ta rasa wanda za ta faɗa wa. Abincinta take ɗauka ta shige ɗaki don kada ta ci a gabansa. Jikoki su ɗauka fushi take. Babu wanda ya yi laifi a nan. Mutanen da al'ada ta raba da katanga ne aka haɗa a wuri guda har wata uku, zo mu zauna kuwa zo mu saɓa ne.

Halin da Alhaji ke shiga ya fi tsanani, shi ya sa iyaye maza ba su cika daɗewa ba. Mutumin da ya saba taka ƙafa zuwa masallaci sau biyar, ya zauna majalisa bayan la'asar, ya je jana'iza da ɗaurin aure, ga shi yana jiran a dawo daga aiki a kai shi Juma'a a mota. A ƙarshen Disamba rana kan fito a Landan wajen ƙarfe takwas na safe, ta faɗi kafin huɗu na yamma. Girmansa a gida yana tattare da jama'ar da ke gaishe shi. A nan daga shi sai taga da waya. Mako biyu ya isa ya fara tambayar ranar jirgi.

Lokaci ma ba a hannun 'ya'yan yake ba. Ma'aikaci a Birtaniya yana da haƙƙin hutun kwana 28 a shekara, dokar tarayyar Amurka kuwa ba ta wajabta hutun shekara mai albashi ba sam. Sallah ba ta cikin ranakun hutun gwamnati a Ingila, ga shi tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, alhali hutun makaranta na nan daram a Agusta da Disamba. Wanda ya cire yaro a tsakiyar zangon karatu don zuwa Sallah gida yana iya shan tarar fam 80. Saboda haka ko ɗan ne ya zo gida, ba lokacin da zuciyar iyaye ke so yake zuwa ba, kuma 'yan kwanakin nan sai an raba su tsakanin danginsa da dangin matarsa. Idan ya bar mahaifiyarsa a falo ya fita da bakwai na safe, kwanakin da zai kawo mata jikoki Kano yake tattalawa, ita kuwa tana ganin wulaƙanci.

Sai hukuma. Tun daga filin jirgi take nuna wa uwa matsayinta: kilishi da dambun nama da man shanun da ta ɗaure da hannunta ba sa wuce kwastam, domin Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu. A bizar ziyara ta Birtaniya, zaman wata shida ne iyaka a kowace shiga, kuma an hana mai ita mayar da ƙasar mazauni ta hanyar yawan zuwa. Tun 2012 aka tsaurara ƙa'idar ɗauko iyaye su zauna dindindin, sai an tabbatar tsoho ba ya iya kula da kansa, kuma ba zai sami kulawar a ƙasarsa ba ko da an aika kuɗi. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya. Kanada ce ta bi wata hanya: bizar iyaye da kakanni da ta ƙirƙiro a 2011 tana ba da damar zaman shekara biyar a jere tun daga 2022, in akwai inshorar lafiya da isasshen albashi. Sai dai tsawon izini ba ya ƙara ɗaki a gida.

Jego ne ya fi haɗa waɗannan matsaloli wuri ɗaya. Uwa ta zo da kanwa da niyyar wankan kwana arba'in, 'yarta ma'aikaciyar jinya ce da ta karanta binciken da Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970, wanda ya danganta ciwon zuciyar masu jego da zafin wanka da kunun kanwa. A gida, gwaggo ko kaka ce za ta shiga tsakani. A can babu ta uku. Al'ada na kallon Hajiya a matsayin babba mai umarni, doka ta ce baƙuwa ce, aikin da take yi dare da rana kuma na mai raino ne.

Ba na musun cewa akwai 'ya'yan da ke ɗauko uwa don gudun kuɗin gidan raino kawai, su manta ita ma tana da miji da maƙwabta da harkokinta. Wannan laifi ne, kuma ba a wanke shi da uzurin aiki. Amma ko a gidan da niyya ke da kyau, shirun da kunya ke jawowa yana ɓarna, domin uwa ba za ta ce ta gaji ba, ɗa ba zai tambaye ta yaushe za ta koma ba. Al'adar da ta hana su magana ita ce ta tanadi mai yi musu. Kafin a yanki tikiti, a sa kawu ko ƙanwar uwa ta ji ta bakin kowa: kwana nawa za a yi, ina za a kwana, wa zai kai ta cikin Hausawan garin, kuma raino aka kira ta ko hutu. Mako shida da aka yi shawara a kansu sun fi wa tsohuwa wata shida da aka bar wa kunya.