Hayaƙin Taba da Lafiyar Ma'aikatan Gidajen Caca a Amurka: Nazari kan Togaciyar Dokokin Jihohi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba illar hayaƙin taba ga ma'aikatan gidajen caca a Amurka, musamman masu rabon kati. Ta nuna cewa keɓe sashen masu shan taba da girka na'urorin tace iska ba su hana hayaƙin shiga jikinsu ba.

Gabatarwa

A 2006 Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya ce hayaƙin tabar wani yana da illa komai ƙanƙantarsa, kuma yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, na kansar huhu kuwa da 20 zuwa 30, ga wanda ba ya sha. A shekarar ce jihohin New Jersey da Nevada suka hana shan taba a wuraren aiki, amma dokokin biyu suka tsame zaurukan caca. Birnin Atlantic City na New Jersey ya bar wa masu shan taba kashi 25 cikin ɗari na zauren caca.

Abin da Gwaji Ya Nuna

Hujja mafi ƙarfi daga jikin ma'aikata ta fito. Hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta auna fitsarin masu rabon kati waɗanda ba sa shan taba a gidajen caca uku na Las Vegas. Rahotonta na 2009 ya gano sinadarin NNAL yana ƙaruwa a jikinsu daga shiga aiki zuwa tashi. Jiki kan samar da NNAL ne idan ya narkar da NNK, mai haddasa kansa, wanda taba kaɗai ke ɗauke da shi. Saboda haka ba za a ɗora laifin a kan hayaƙin mota ko ƙurar gari ba. Hukumar ta ba da shawarar hana shan taba baki ɗaya.

Yanayin aikin ne ke tsananta matsalar. Ɗan caca na iya tashi in hayaƙi ya ishe shi; mai rabon kati kuwa tilas ya tsaya gaban teburinsa, ana busa masa hayaƙi a fuska, kuma ana son ya ci gaba da fara'a. Kafin hayaƙin ya kai ga matatar da ke rufin ɗaki, ya riga ya bi ta hancinsa.

A jihar Colorado kuwa, an faɗaɗa dokar hana shan taba zuwa gidajen caca a 2008. Binciken Glantz da Gibbs na 2013 ya sami raguwar kiran motar asibiti daga gidajen cacan gundumar Gilpin da kusan kashi 19.

Tattaunawa

Masu gidajen sukan ce hani zai kori abokan ciniki. Wannan magana ce ta riba, kuma a ganin wannan nazari bai kamata ta danne sakamakon gwajin fitsari ba. An hana shan taba a gidajen cacan Atlantic City lokacin annobar korona, aka dawo da shi a Yulin 2021, abin da ya sa ma'aikata suka kafa ƙungiyar CEASE. Ƙarar da ƙungiyar ƙwadago ta UAW ta shigar a 2024 don soke togaciyar da dokar New Jersey ta yi wa gidajen caca, kotun farko ta yi watsi da ita.