Fitar Birtaniya daga Tarayyar Turai: Yadda Cinikin Rabuwa Kan Ƙare

A ranar 23 ga Yunin 2016, kashi 51.9 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a a Birtaniya suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, bayan shekara 43 ana tare. Jagororin ficewar sun yi wa jama'a alkawarin cewa ƙasar za ta ƙwato ikonta kan iyakoki da dokoki da kuɗi, ba tare da ta rasa kasuwar Turai ba. Abin da ya faru a teburin shawara ya nuna cewa tun kafin a zauna, ana iya hango inda irin wannan ciniki zai tsaya.

Abu na farko da ya raunana Birtaniya shi ne lokaci. Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar ya ba mai son fita wa'adin shekara biyu, kuma ba a tsawaita shi sai da yardar dukkan sauran ƙasashe. Firaminista Theresa May ta miƙa takardar fita a ranar 29 ga Maris 2017, alhali jam'iyyarta ba ta daidaita kan irin rabuwar da take so ba. Daga ranar, kowace safiya tana ƙara wa Landan matsi, domin idan wa'adi ya cika babu yarjejeniya, ita ce za ta fi jin jiki.

Na biyu shi ne girma. Sama da kashi 40 cikin ɗari na abin da Birtaniya ke sayarwa waje Turai yake zuwa, alhali ga ƙasashe 27 da suka rage, Birtaniya kasuwa ce guda cikin kasuwanni. Wakilinsu, Michel Barnier, shi ya tsara jerin batutuwa: haƙƙin 'yan Turai mazauna Birtaniya, bashin da ke kanta wanda aka ƙiyasta tsakanin fam biliyan 35 zuwa 39, da iyakar Ailan. Sai an warware waɗannan za a taɓa maganar kasuwanci. Landan ta yi ƙorafi, sannan ta bi.

Iyakar Ailan ce ta zama ƙashin kifi a maƙogwaro. Zaman lafiyar da aka ƙulla a 1998 ya dogara ne da barin iyakar nan mai tsawon kusan kilomita 500 a buɗe, babu shingen kwastan. To amma idan Birtaniya ta bar kasuwar bai-ɗaya, dole a binciki kaya a wani wuri. Majalisar dokoki ta ƙi shirin May har sau uku a 2019, karo na farko da ratar ƙuri'u 230. Boris Johnson, da ya gaje ta, ya amince a riƙa binciken a teku, tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya, wato iyaka a cikin ƙasarsa.

Birtaniya ta fita a ranar 31 ga Janairun 2020, aka kuma cimma yarjejeniyar kasuwanci a ranar 24 ga Disamba na shekarar. Babu harajin shigo da kaya, amma takardun kwastan da binciken kayan abinci sun dawo, harkar bankunan Landan kuma ba ta sami wani kaso mai tsoka ba. Ofishin da ke yi wa gwamnatin Birtaniya hasashen kasafin kuɗi ya ƙiyasta cewa a ƙarshe ƙarfin samar da arzikin ƙasar zai gaza da kusan kashi 4 cikin ɗari idan aka kwatanta da zama a ciki. Ikon yin doka ya dawo hannunta da gaske, sai dai ta saye shi da tsada.

Ko bayan sa hannu, shawarar ba ta ƙare ba. A 2023 aka sake gyara tsarin Ailan ta Arewa, a watan Mayun 2025 kuma Landan ta bar wa jiragen Turai damar kamun kifi a ruwanta har zuwa 2038, domin neman sassauci kan cinikin abinci.

Afirka ta Yamma ma ta ga makamancin haka. Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, amma a 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita a ranar 29 ga Janairun 2025, duk da haka ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo ɗinsu da barin mutane da kaya suna kai-komo kafin a daidaita. Fatake tsakanin Maraɗi da Katsina sun riga kowace yarjejeniya.

Saboda haka abin da ya fi yiwuwa ga ƙasar da ke cinikin fita shi ne ta sami 'yancin da ta nema a rubuce, ta rasa kujerar da ake yanke hukunci a kai, sannan ta ci gaba da bin yawancin ƙa'idojin maƙwabtanta domin kayanta su shiga kasuwarsu. Ana iya sauya abokan hulɗa da ƙuri'a, amma ƙasa ba ta yin ƙaura daga unguwarsu.