Nonon Uwa da Madarar Gwangwani wajen Ciyar da Bakwaini Mai Ƙarancin Nauyi Sosai

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, jariri mai ƙarancin nauyi sosai shi ne wanda aka haifa bai kai giram 1,500 ba, kuma galibin irin waɗannan jarirai bakwaini ne da ba su iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba tukuna, saboda haka ta siririn bututu da ake zurawa daga hanci ko baki zuwa ciki ake ba su abinci. Babbar barazanar da ke tattare da ciyar da su ita ce cutar ruɓewar hanji, wadda ke sa bangon hanjin ya kumbura, wani sashensa ya mutu, har ta kai ga tiyata ko rasa rai.

Lucas da Cole, a binciken da suka wallafa a mujallar Lancet a 1990 kan bakwaini 926 a Ingila, sun gano cewa cutar ta ninka sau shida zuwa goma a jariran da aka ciyar da madarar gwangwani zalla idan aka kwatanta da masu shan nono zalla. Bitar Cochrane ta 2019, wadda ta tattara gwaje-gwaje 12 da jarirai 1,879, ta kwatanta madarar da nonon sadaka, wato wanda wata mace ta tatsa ta bayar, inda ta nuna haɗarin cutar ya kusa ninkawa a masu shan madara, ko da yake sun fi saurin ƙara nauyi da tsayi da girman kai, kuma ba a ga bambanci a yawan mace-mace ko bunƙasar ƙwaƙwalwa daga baya ba. Wannan fifiko na girma bai kamata a raina shi ba, domin nono shi kaɗai ba ya cika bukatar bakwaini ta furotin da ma'adanan gina ƙashi. Amma gibin girma ana cike shi da garin ƙarin sinadarai da ake zubawa a nonon, alhali hanjin da aka yanke ba ya dawowa.

Kariyar da nono ke bayarwa tana fitowa ne daga ƙwayoyin garkuwar jiki da laktoferin, furotin da ke hana miyagun ƙwayoyin cuta samun ƙarfen da suke rayuwa da shi, da wasu nau'o'in sukari masu ciyar da ƙwayoyi masu amfani a hanji. Dafa nonon sadaka a zafin digiri 62.5 na minti 30, kamar yadda taskokin nono ke yi, yana rage wasu daga cikinsu, shi ya sa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 suka sa nonon mahaifiya a gaba, sannan na sadaka.

A ƙasar Hausa mataki na biyu, wato nonon sadaka, yana da sarƙaƙiya ta shari'a. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta hana kafa taskokin nono a 1985 don gudun cakuɗewar 'yan'uwantakar shayarwa, kuma a mazhabar Malikiyya duk nonon da ya isa cikin yaro a shekaru biyun farko, komai ƙanƙantarsa, yana haramta aure. Hukuncin bai hana shayarwa daga sananniyar mace ba, sai dai ya kamata a gwada jininta kuma iyalan biyu su rubuta su adana.

Nauyin ya koma kan nonon mahaifiya ke nan, musamman dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da launin rawaya wanda har yanzu wasu gidaje ke zubarwa. Uwar da ɗanta ke kwalba tana bukatar ma'aikaciyar jinya ta zauna kusa da ita tun ranar haihuwa, ta koya mata tatsa da hannu cikin ƙaramin kofi mai tsabta, ɗigo bayan ɗigo, kusan duk awa uku dare da rana, domin nonon da ba a tatsa ƙafewa yake yi. Kusancin uwa da ɗanta yana da wani amfanin kuma: gwajin da aka wallafa a 2021, wanda asibitocin Ile-Ife da Kumasi suka shiga, ya nuna cewa ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata nan take ya rage mace-mace da kusan kashi 25 cikin ɗari. Wajibi ne kowane sashen kula da bakwaini ya tanadi gadon uwa kusa da ɗanta kafin ya tanadi gwangwanin madara.